Yatsun Sailuba a Bangon Manfuha

Duk wanda ya zauna a unguwar Manfuha ta birnin Riyadh shekarun baya ya san Malam Gidaɗo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai ɗingishi, wanda da zarar sanyi ya kawo kai za ka hango shi a saman wani gidan ƙasa a ƙarshen lungu, wando a naɗe har gwiwa, yana yaɓe. Yamalawa masu shaguna Abu Khairat suke ce masa. 'Yan uwanmu Hausawa kuwa, da bakinsu ba ya hutawa, Sarkin Laka suka laƙaba masa, kuma wallahi yana amsawa.

Ɗan gidan magina ne daga wani ƙauye a gefen Zariya. Kakansa magini, ubansa magini, shi ma kafin ya iya ɗaura wando ya iya murza tubali. Sai siminti ya shigo gari, kowa ya koma son bulo da kwano, aikin gidansu ya mutu a tsaye. Da ƙuruciyarsa ya samu bizar direba ya taho Riyadh, a hannun wani kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ana kiran sa Abu Nasir. Tuƙin dai ga shi nan, a yi sha'ani. Bai daɗe ba ya goge wa motar gefe a jikin katanga, Abu Nasir ya dube shi ya dubi motar, ya zaro wani ƙaton mabuɗi ya ce, "Akwai tsohon gidanmu a Manfuha. Je ka zauna ka riƙa korar masu zuba shara, kafin ya faɗi."

Gidan ba ƙaramin gida ba ne a zamaninsa. Kakan Abu Nasir ne ya gina shi, wani attajirin dabino da gahawa, tun Manfuha tana gari mai zaman kanta, gonakin dabino sun raba ta da Riyadh. An ɗora harsashin a kan dutse, daga nan sai tubalin laka da ƙaiƙayi har hawa biyu, kaurin bangon ƙasa ya fi kamu biyu. Rufin ba azara ba ce irin tamu. Wani itace ne da suke kira asal, a jera shi, a shimfiɗa masa ganyen dabino, a zuba ƙasa a kai. Can sama an huda 'yan tagogi masu kusurwa uku don iska ta ratsa. A kan ƙofar shiga akwai wani ɗan akwatin ƙasa da ya turo kai waje, da huji a ƙasansa, ta nan matan gidan ke leƙen mai sallama ba tare da ya gan su ba. Bakin rufin kuwa an jera masa haƙora kewaye, kai ka ce zankwayen gidajen birnin Zazzau. Da kuɗin fetur ya zo, iyalan suka kwashe suka koma arewacin gari gidan siminti, suka bar shi ga tattabaru.

Ranar da Gidaɗo ya fara ganinsa, bai ma sa mabuɗin ba. Ya dafa bangon, ya ɗan ɓanɓaro ƙasa ya murza a yatsa, ya shinshina. "Ikon Allah," ya ce shi kaɗai. "Ashe su ma suna yi."

An ce ya zauna kafin gidan ya faɗi, shi kuma ya hana shi faɗuwa. Ruwan Riyadh ba ya zuwa kullum, amma ranar da ya ga damar zuwa sai ka rantse da gayya yake yi. Gidan ƙasa kuwa abu biyu yake so, a share masa indararo, a yi masa yaɓe kafin ruwa. Gidajen da ke lungun ɗaya bayan ɗaya suka zube, aka kwashe aka kafa benaye masu ɗakunan haya. Na Gidaɗo yana nan. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ƙara masa ko riyal. Hannunsa ne kawai ba ya iya ganin tsaga a bango ya wuce.

Matarsa Sailuba ta iso bayan wasu shekaru, da Abu Nasir ya yi mata iƙama, wato takardar izinin zama, a matsayin mai dafa wa tsohuwarsa abinci. Gajeriya ce, baƙa, mai faɗa kamar ta ari baki, kuma duk wanda ya ci miyar kukarta ranar Juma'a ya yafe mata faɗan. A gidan suka haifi 'yarsu guda, Khairat. Ɗakin da suka zaɓa shi ne wanda attajirin ke karɓar baƙi a da, wanda bangonsa na gabas an lulluɓe shi da farar ƙasa, an sassaƙa mata zane tun daga ƙasa har rufi, furanni da taurari da wasu layuka masu shiga juna. Gidaɗo yana alfahari da zanen nan kamar shi ya yi. Sailuba kuwa cewa take, "Abin da ba ya komai sai tara ƙura."

Wata shekara, gab da saukar ruwa, tsani ya zame da shi. Ƙugu ya goce, hannun dama ya karye, daga nan ɗingishin ya samo asali. Yana kwance yana kallon bangon gabas ya tsage daga sama, farar ƙasar ta fara ɓarɓashi, ga hadari kullum yana haɗuwa. Ya rasa inda zai sa kansa. Sai Sailuba ta ɗaure zani a ƙirji ta ce, "Malam, daina yi mini tsaki a ɗaki. Faɗa mini yadda ake yi."

Daga kan katifa ya riƙa ba ta umarni. Ta jiƙa ƙasa, ta zuba ƙaiƙayi, ta tattaka da ƙafa, ta bari ta kwana. Ta cike tsagar, sannan ta bi bangon gaba ɗaya da yaɓe, ta rufe zanen attajiri ruf don kada damshi ya cinye shi. Sai dai ba ta iya shafe laka da tafin hannu ba. Da yatsu take ja, don haka bangon ya fito da sawun yatsunta huɗu, layi bayan layi, wani a miƙe wani a karkace, iya inda tsawonta ya kai, sama kuma inda ta taka turmi.

"Wannan ai kaza ce ta yi tono," in ji Gidaɗo.

"To tashi ka gyara mana, Sarkin Laka."

"Bari in warke."

"Ka warke ɗin. Ka taɓa mini aiki ka gani."

Ya warke, bai taɓa ba. Ruwa ya zo ya wuce, bango ko gezau.

Sailuba ta rasu Khairat tana sabuwar amarya. Hawan jini ne, ta faɗi a bakin murhu, kafin a kai asibiti rabin jikinta ya tafi, ba ta kuma ƙara magana ba. Aka sallace ta a babban masallaci tare da wasu gawawwaki, aka kai ta maƙabarta. Kabarin ƙasar nan kuwa ba suna, ba alama, duwatsu biyu ne kawai, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, kowa iri ɗaya. Gidaɗo ya riƙe wata 'yar ciyawa da ke kusa a matsayin shaida. Da ya koma bayan 'yan watanni an share ciyawar, layuka sun ƙaru sun yi nisa. Ya yi ta zagaye a rana har ƙafar ta gaza. A ƙarshe ya tsaya a tsakiya ya yi wa kowa sallama, ya yi addu'a, ya dawo gida.

A ranar ne ya zauna a ɗakin ya dubi bangon gabas da wani ido. Kayanta duk an rabar sadaka. Hotonta ɗaya ne, na jikin iƙama, wanda ta ɗaure fuska kamar za ta kai mari. Amma ga hannunta nan a bango, ga inda ta gaji layin ya yi sanyi, ga inda ta ji haushinsa ta danna da ƙarfi. Tun daga nan kowace shekara yana yaɓe gidan ciki da waje, ban da wannan bango. Ko jingina ba ya bari a yi da shi. Da safe in ya idar da lazimi yakan dube shi ya ce, "Mun tashi lafiya," ya fita harkarsa. Kewa ce ta kama shi, irin wadda ba ta sakin mutum, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba.

Ana nan sai aka shiga zamanin da ake neman tsoffin gidaje ruwa a jallo. Wata rana da hantsi mutane suka yi sallama, da hulunan kwano da na'urorin awo, wai daga masu kula da kayan tarihi. A cikinsu akwai wani matashi baƙar fata, ya dubi Gidaɗo ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, barka da hantsi. Mun same ku lafiya?"

Wayyo, Hausa! Injiniya Mu'azzam ke nan, ɗan Katsina, yana aikin kwantiragi da kamfanin da aka ba gyaran tsoffin gine-gine. Gidaɗo ya rasa inda zai ajiye shi. Ya shimfiɗa darduma, ya dafa shayi, ya zaga da shi gidan lungu-lungu. Ya nuna masa inda aka ƙara hawa na biyu bayan attajirin ya yi aure na biyu, ya nuna masa rijiyar da aka cike, da ƙofar itace mai fenti ja da shuɗi wadda shi ya hana gara ta ci. Mu'azzam yana ta mamaki, yana cewa bai ga gidan da ya kai wannan lafiya a duk yankin ba. Yabo kuwa ya hau kan tsoho. Suna shiga ɗakin, sai bakin nan nasa ya suɓuce.

"Ai ba ka ga komai ba, ɗana. Ƙarƙashin yaɓen nan akwai zanen farar ƙasa, tun daga ƙasa har sama. Babu irinsa a Manfuha."

Kai, Gidaɗo! Wa ya tambaye ka? Mu'azzam ya matsa kusa da bangon, ya kira wani Balarabe daga tsakar gida, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa. Tsoho yana gefe yana murmushi, shi a dole ya burge baƙi.

Ba a rufa shekara ba aka sa gidan cikin jerin gidajen tarihi, aka kafa masa allo a bakin ƙofa. Abu Nasir ya riga ya rasu, 'ya'yansa suka zo da manyan motoci suka ɗauki hoto a gaban gidan da ba su taɓa kwana a ciki ba. Suka yi wa Gidaɗo godiya sosai, ba laifi, har da kyautar agogo. Sannan aka gaya masa gidan tarihi ba a kwana a cikinsa. Mutane sun zaci tashin ne zai karya shi, amma ya ɗauke shi da sauƙi. Khairat da mijinta suna da ɗaki a unguwar Al-Shifa, sun daɗe suna roƙonsa ya dawo wurinsu. Har kamfanin ya ɗauke shi aikin kwaɓa ƙasa, tunda ya san ta gidan.

Mu'azzam ne ya zo da kansa ya faɗa masa sauran. Ya zauna a ƙasa, ya cire hular kwanon, ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Baba, ƙa'idar aikin ita ce a mayar da gida yadda mai shi ya gina shi. Duk abin da aka ƙara daga baya za a cire."

"To, a cire. Wayar lantarki ce da famfo, ni na ja su."

"Har da yaɓen bangon gabas, Baba."

Gidaɗo ya ce, "Na uwar Khairat?"

"Na kai maganar gaba, wallahi na kai. Na gaya musu yaɓen nan ne ya ceci zanen, ba don shi ba da tuni ya zube. Sun yarda da haka. Amma sun ce zanen ne dalilin sa gidan a jerin, dole mutane su gan shi."

"Ni na faɗa maka yana nan."

"Ku kuka faɗa, Baba."

Ba wanda ya yi masa ƙarya, ba wanda ya zalunce shi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da akwai wanda zai zaga, da ya zage shi ya huce. Khairat ta zo da yamma, ita da Hausarta da ta sha Larabci, ta ɗaga waya ta ɗauki bangon ta kowane gefe. "Khalas, shi ke nan, Baba, ga shi nan na ajiye maka. Ba zai ɓata ba." Ya karɓi wayar ya duba, ya shafa gilashin da ɗan yatsa, sumul. Ya miƙa mata abarta.

Mu'azzam bai haƙura ba. Ya sake komawa, ya dawo da izini cewa tsoho zai iya yanke wani yanki na yaɓen, kamar faɗin faranti, ya tafi da shi. Ya ce kamfanin yana da wani ƙwararre, Bature, mai shafa wani irin danƙo ya manna ƙyalle a kai, ya ɗago yaɓe ɗungurungum ba tare da ya fashe ba. Mako mai zuwa zai iso.

"Ya shafa me? A ina?"

"A kan sawun, Baba. Da hannu yake bi a hankali."

"Wani ƙato ya zo ya bi hannun matata da nasa? Ina raye?" Gidaɗo ya miƙe tsaye. "Ni da aka haifa a cikin laka? A'a, ɗana. Na gode. Ni zan cire abina."

Mu'azzam ya yi magiya, ya ce busasshiyar laka ce mai shekaru, a bar wa mai kayan aiki. Ina! Tsoho ya kafe. Kishi ne, ba wani abu ba, kishin matar da ta daɗe a ƙasa, kuma ko kunyar faɗinsa bai ji ba.

Ya zaɓi ranar Juma'a da safe, lokacin da ba ma'aikaci ko ɗaya a gidan. An riga an kwashe kayansa, ɗakin fayau, sai rana da ta shigo ta 'yan tagogin sama ta kwanta a bangon, kowane layi ya fito da inuwarsa. Ya zo da wuƙa, da wani siririn katako da zai zura ta baya, da tsohon zaninta guda da ya ɓoye bai bayar ba, da kwanon ruwa. Ya zaɓi wurin da ya fi so, daidai kafaɗarsa, inda ta ja yatsun ta ɗan lanƙwasa su kamar za ta juyo ta yi masa magana.

Ya sa bakin wuƙa, sai gefen ya ɓare, wani ɗan gutsure ya faɗo. Ya janye wuƙar. Kowane magini ya san maganin wannan, busasshiyar ƙasa ba a yanka ta sai an ba ta ruwa. Ya tsoma hannu ya yayyafa a gefe-gefe. Ƙasar ta shanye nan take, tana ƙara nema. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, har tsakiyar ma ta yi duhu, ɗakin ya cika da ƙanshin jiƙaƙƙiyar laka, irin na ranar da ta kwaɓa ta tana mita.

Ƙanshin nan ne ya gama da shi. Shekara da shekaru yana kallon sawun nan bai taɓa sa hannu ba, sai yau da zai rabu da sauran. Ya ɗaga hannun dama, wanda ya karye a waccan shekarar, ya jera yatsunsa huɗu a cikin nata. Sun yi masa kaɗan. Ya rufe ido ya bi layin a hankali, daga inda ta fara zuwa inda ta lanƙwasa, yana cewa, "Sailuba, kin ga abin da bakina ya ja mana." Hannun magini kuwa ba ya bin laka mai laushi a banza. Tun yana yaro aka koya masa dannawa, kuma ya danna, bai ma san ya yi ba.

Da ya buɗe ido, layukan sun faɗaɗa, sun yi zurfi, sun miƙe sambal. Aiki mai kyau, irin na gidansu. 'Yar lanƙwasar nan ta tafi.

Ya tsaya yana kallo. Sauran bangon yana nan, sawunta birjik daga ƙasa har inda turmi ya kai ta, yana iya matsawa gefe ya sake gwadawa. Ya ɗaga kwanon, ya dubi wani wurin. Ya san in ya jiƙa zai taɓa, in bai jiƙa ba zai farfashe. Ya ajiye kwanon. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bangon da ya hana kowa jingina da shi, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza.

A haka Mu'azzam ya same shi, ya biyo ya ɗauke shi su tafi masallaci. Ya dubi bangon, ya dubi tsohon.

"Baba, ai ba a rasa ba. Ga sauran nan da yawa. Ku bari mutumin nan ya zo, don Allah."

"Ta ce kada in taɓa mata aiki," in ji Gidaɗo. "Na taɓa. Ba zan tsaya ina kallo wani ma ya taɓa ba, kuma ba zan kai ta Al-Shifa a cikin faranti ba. Gobe ka ba ni abin kankarewa. Ni zan sauke shi duka, ba na son kowa a ɗakin."

Haka aka yi kuwa, washegari ya sauke shi shi kaɗai, zanen attajiri ya fito fari tas, ba inda ya ci. Yanzu mutane suna zuwa daga nesa su tsaya a gabansa su ɗauki hoto. Gidaɗo yana Al-Shifa wurin Khairat, a ɗaki mai fenti da na'urar sanyi, bai ƙara taka lungun ba.

Amma a waccan Juma'ar, da suka fito, ya ƙi goge hannunsa. Ya shiga motar Mu'azzam ya ɗora shi a cinya, tafin a sama, lakar tana bushewa a yatsunsa huɗu. Suna isa aka yi kiran salla. Ya zauna a wurin alwala, mutane suna ta wucewa ta gefensa, wani ma ya taɓa kafaɗarsa ya ce da Larabci, "Yalla, ya Hajji," wai ya hanzarta. Ya daɗe yana kallon famfon. Sannan ya yi bisimilla, ya buɗe, ya sa hannun dama a ƙarƙashi. Ruwan ya fito ja-ja ya bi magudana, a wanki na uku kuwa ya koma fari.